Raunin gwiwa a filayen Duwala: Yadda lafiyayyar ƙafa ke ɓoye bashin 'yar'uwarta

Duk wanda ya taɓa sauke kaya a birnin Duwala, ya kwana biyu a unguwar Hausawa ta New Bell, ya san cewa bayan kasuwa da masallaci babu abin da ke tara jama'a kamar ƙwallon ƙafa. Da la'asar sakaliya, duk wani fegin da ba a gina ba, ko lungun da mota ba ta cika bi ba, sai ka tarar yara sun kafa duwatsu sun mayar da shi fili. Kuma ba za a ga laifinsu ba, domin a wannan unguwa ce Samuel Eto'o ya tashi kafin ya shiga makarantar ƙwallo ta Kadji, daga can ya wuce ƙasar Sifen. A Akwa kuwa akwai filin wasan da ke ɗauke da sunan Mbappe Leppe, kyaftin ɗin kulob ɗin Oryx na Duwala, wanda shi ne kulob na farko da ya ci kofin zakarun Afirka a farkon shekarar 1965, kafin Union ta Duwala ta sake ɗauko shi a 1979.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, kuɗin da ke bayan burin da yawa daga cikin yaran nan daga kasuwa yake fitowa. Uba ne mai shago a Kasuwar Kongo, ko kawu mai safarar albasa daga Marwa, ko yaya da ke can Kye-Ossi ko Kusuri ko Mubi yana aiko da kuɗin takalmi da na makaranta. Ranar da gwiwa ta tsinke ma shi za a buga wa waya, shi zai biya kuɗin aiki, kuma sau da yawa shi ne zai yanke hukuncin ranar da yaro zai koma fili. Saboda haka da shi muke magana a yau.

Jijiyar da ba ta fita a hoton ƙashi

A tsakiyar gwiwa akwai wasu gajerun jijiyoyi guda biyu da suka gitta juna, suna riƙe ƙashin cinya da na ƙwauri. Ta gaban, wadda likitocin Najeriya ke kira ACL, na Kamaru kuma LCA, ita ce ke hana ƙwauri zamewa gaba ko murɗewa idan mutum ya yi birki ko ya juya da gudu. Mafi yawan lokuta ba duka ne ke tsinka ta ba. Yaro ne zai kafa ƙafa ya juya, ko ya diro daga tsalle, sai ya ji wani abu ya yi ɓas, cikin 'yan sa'o'i gwiwa ta kumbura tim.

A nan ne ake fara ɓatan kai. Hoton ƙashi na yau da kullum ba ya nuna jijiya, don haka sai a ce ai babu karaya, targaɗe ne, a nufi wurin mai ɗori. Masu ɗori suna da tasu sana'ar, kuma jama'a sun daɗe da sanin su a kan karaya da gocewar ƙashi, amma jijiyar da ta tsinke a cikin gaɓa ba a kama ta da kara da tsumma. Likitan ƙashi ne ke gane ta da gwajin hannu, sannan a tabbatar da hoton babbar na'urar nan da ake kira MRI, ko IRM a bakin mutanen Kamaru. A Duwala ana nufar asibitin Laquintinie da ke Akwa ko Babban Asibitin Duwala, waɗanda ke da 'yan uwa a Kano kuma sukan kai nasu Asibitin Ƙashi na Dala. Idan aka yi sakaci, kumburi zai saɓe, yaro ya miƙe yana tafiya, amma duk lokacin da ya juya sai gwiwa ta kuɓuce masa, kuma kowace kuɓucewa tana iya yaga guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan biyu. Wannan guringuntsi ne Eto'o ya yaga a wasan Barcelona da Werder Bremen a watan Satumbar 2006, abin da ya zaunar da shi har watan Fabrairun 2007.

Ba kowa ne sai an yi masa aiki ba. Wani bincike da aka buga daga ƙasar Suwidin a 2010, a kan matasa 121, ya nuna cewa waɗanda aka fara da su da motsa jiki kawai, aka bar aiki sai in ya zama dole, ba su kasa waɗanda aka yi wa aiki nan take ba, kuma bayan shekara 5 kusan rabinsu ba su buƙaci wuƙa ba. To amma ɗan ƙwallon da sana'arsa juyi ce da birki, akasari aikin ake ba shi shawara. Shi kuwa aikin ba ɗinke tsohuwar jijiyar ake yi ba. Ana yanko wata ce daga jikin yaron, ko daga wadda ke ƙarƙashin ƙoƙon gwiwa ko daga bayan cinya, a huda ƙashi a zura ta a ɗaure. Yana da kyau a tambayi likita wacce zai ɗauka, domin wanda aka yanko masa ta gaban gwiwa yakan daɗe yana jin ciwo idan ya durƙusa, kuma mai yin sujada sau da yawa a rana ya san wannan ba ƙaramar magana ba ce. Sabuwar jijiyar takan yi rauni a watannin farko kafin jini ya ratsa ta, kuma takan ɗauki shekara ko fiye kafin ta nuna sosai.

Shago ɗaya, mutum biyu

Mai karatu ya ɗauka wa da ƙane ne ke riƙe da shago ɗaya. Ƙanen ya kwanta ciwo, wan ya ci gaba da yin aikin mutum biyu. Bayan an sallamo ƙanen yana zuwa shago kullum, amma a kan benci yake wuni, wan ne ke ɗaga buhu, shi ke hawa sito. Da yamma idan aka buga lissafi ciniki bai ragu ba, don haka maigida da ke wani gari ba zai taɓa sanin cewa mutum ɗaya ne ke aiki ba, sai ranar da wan ya faɗi.

Haka ƙafafun wanda aka yi wa aikin gwiwa suke. Wata uku ko huɗu bayan aiki an ajiye sanda, ɗingishi ya ɓace, tabo ya bushe, kowa na cewa Alhaji ai yaro ya warke. Amma ka sa shi ya tsuguna a hankali ka tsaya a bayansa, za ka ga ƙugunsa ya karkata wajen lafiyayyar ƙafa. Ka lura da shi yana saukowa daga bene, da mai ciwon zai fara dirowa don kada ta lanƙwasa da nauyinsa a kanta. Idan aka matsa masa ya gyara tsayuwa, sai jiki ya sake wata dabara da ta fi wannan wuyar ganewa: nauyin ya rabu daidai tsakanin ƙafafun biyu, amma a cikin ƙafar da aka yi wa aiki, ƙugu da idon sawu ne ke ɗaukar aikin, gwiwa kuma ta yi lamo. Idan ya diro daga tsalle sai ya diro a sanƙare, gwiwar ba ta lanƙwasa sosai ba, ko ta faɗa ciki wajen 'yar'uwarta, gangar jiki kuma ta rinjaya gefe guda.

Yaron ba da gangan yake yi ba, kuma shi kansa bai san yana yi ba. Idan gaɓa ta kumbura, takan aika wa ƙwaƙwalwa saƙon da ke rage wa babbar tsokar gaban cinya ƙarfi, ta yadda ko ya so ya matse ta ba za ta amsa gaba ɗaya ba. Cikin 'yan makonni cinyar ta rame. Bayan wannan, tsohuwar jijiyar tana da wasu ƙananan jijiyoyin ji da ke gaya wa ƙwaƙwalwa inda gwiwa take ko da ido a rufe, sabuwar kuwa ba ta zo da su ba, shi ya sa za ka ga yaron yana yawan kallon ƙafarsa. Ga kuma tsoro, wanda babu ɗan wasan da ke son amsa shi a gaban abokansa. Waɗannan duka idan suka haɗu na wata da watanni, sai karkacewar ta zama ɗabi'a, ta ci gaba ko bayan ciwon ya tafi. Hausawa na cewa jiki magayi, amma a wannan fage jiki yakan yi rufa-rufa.

Illar kuwa ta kan ƙafafun biyu ce. A birnin Cincinnati na Amurka an bi diddigin matasan 'yan wasa 78, maza da mata, na tsawon wata 24 bayan komawarsu fili, aka buga sakamakon a 2014. Mutum 23 daga cikinsu sun sake tsinka jijiya, wato kusan kashi 30 cikin 100. Abin lura shi ne, 7 ne kawai suka tsinka wadda aka dasa, sauran 16 lafiyayyar gwiwar ce ta tafi. Wan nan da ke aikin mutum biyu shi ya faɗi.

Haka kuma a 2016 likitocin Delaware a Amurka da na Oslo a Norway sun fitar da sakamakon bin mutum 106 na shekara biyu. Sun gano cewa kowane wata guda da aka jinkirta komawa wasa, har zuwa wata na 9, yana rage haɗarin sake jin rauni da kashi 51 cikin 100. Daga cikin waɗanda suka koma ba tare da sun ci jarrabawar ƙarfi da tsalle ba, kashi 38 sun sake jin rauni a gwiwa, waɗanda suka ci kuwa bai kai kashi 6 ba. A wannan shekarar dai, asibitin 'yan wasa na Aspetar da ke Doha ya duba ƙwararrun 'yan wasa maza 158, ya tarar waɗanda suka koma fili ba su cika sharuɗɗan sallama ba sun ninka sauran sau huɗu wajen tsinka sabuwar jijiya.

Masu bin wasannin Turai ba su manta da Sadik Umar ɗan Kaduna ba, wanda ya ci wa Najeriya ƙwallo biyu a wasan neman tagulla na Olamfik a Rio a 2016. Ya koma Real Sociedad a farkon Satumbar 2022, ya ci ƙwallo a wasansa na farko da Atletico Madrid, sannan jijiyar ta tsinke a wasa da Getafe kwana 10 kacal da zuwansa. Duk da likitoci da na'urorin da kulob irin wannan ke da su, sai a watan Agustan 2023 ya sake buga wasan gasa, wato wata 11. Victor Boniface sau biyu tasa ta tsinke a Norway, a 2019 da 2020, kafin ya zo ya ɗauki kofin Jamus da Leverkusen a 2024. Joel Matip na Kamaru kuwa, tun da tasa ta tsinke a wasan Liverpool da Fulham a Disambar 2023 bai sake buga wasa ba, ya sanar da ritayarsa a Oktoban 2024. Idan waɗannan ne haka, to ina ga yaron da ke murza leda a kan tsakuwa a bayan Kasuwar Nkololoun?

Mudun ma yana iya yin ƙwange

An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. A kan wannan matsala dai ido bai san kima ba, dole sai an auna. Ƙa'idar da aka fi amfani da ita ita ce, ƙafar da aka yi wa aiki ta kai aƙalla kashi 90 cikin 100 na lafiyayyar, a ƙarfin cinya da kuma tsalle da ƙafa ɗaya. Tsallen iri huɗu ne da aka saba yi tun farkon shekarun 1990: tsalle guda, tsalle uku a jere, tsalle uku ana ƙetare layi, da ɗingishin mita 6 ana duba agogo. Idan lafiyayyar ta yi santimita 150, ita kuma ɗayar ta yi 120, kashi 80 ke nan, da saura.

To sai dai kowane ɗan kasuwa ya san idan aka buga gindin mudu, duk abin da aka auna da shi ya tawaya. Ita ma lafiyayyar ƙafar ta yi watanni ba gudu ba tsalle, ta rage ƙarfi, don haka kai wa kashi 90 nata ba shi ne kai wa inda yaron yake kafin rauni ba. Masu binciken Delaware sun gwada wannan a kan 'yan wasa 70, suka buga a 2017. Wata 6 bayan aiki, mutum 40 sun ci jarrabawar idan aka kwatanta da ɗaya ƙafar kamar yadda take a ranar, amma da aka kwatanta da ƙarfin da lafiyayyar take da shi kafin aiki, sai 20 kawai suka tsallake. Darasin da ke nan mai sauƙi ne kuma ba ya cin ko dala: a auna lafiyayyar ƙafar tun kafin a shiga ɗakin aiki, a rubuta, a ajiye.

Ƙwange na biyu ya fi wannan wayo. A 2022 likitocin Aspetar sun sa wa 'yan wasa na'urori suna tsallen nisa da ƙafa ɗaya. A nisan tsallen, ƙafar da aka yi wa aiki ta kai kashi 97 na ɗayar, wato kowa zai ce an gama. Amma da aka duba aikin da gwiwar kanta ta yi wajen tunkuɗa jiki, kashi 69 kawai ta yi, ƙugu da idon sawu ne suka cike giɓin. Shi ya sa yanzu ƙwararru ke ƙarawa da tsallen sama da ƙafa ɗaya, wanda gwiwa ba ta iya zillewa a cikinsa, kuma suna kallon yadda aka dira fiye da inda aka dira.

Abin da ake iya aunawa a tsakar gida

Ba kowa ke da halin kai ɗansa Doha ba, amma yawancin kayan awon nan akwai su a kasuwa. Sikelin awon mutum guda biyu iri ɗaya, a ajiye su gefe da gefe a kan siminti, yaro ya ɗora ƙafa ɗaya a kan kowanne ya tsuguna a hankali yana kallon gaba, wani ya karanta lambobin. Mai kilo 70 da aka ga 42 a gefe guda, 28 a ɗayan, ba sai an yi gardama da shi ba. Tef ɗin tela kuma a zagaya cinya da shi a daidai santimita 15 sama da ƙoƙon gwiwa, a ƙafafun biyu, duk mako biyu. Sannan kujera: ya zauna, ya ɗaga ƙafa ɗaya, ya miƙe da ɗayar ba tare da dafa komai ba, a ƙirga sau nawa kowace ƙafa za ta yi. Wayar hannu kuwa a kafa ta a gabansa daidai gwiwa a ɗauki bidiyo yana sauka daga dakali, a mayar a hankali a ga ko gwiwar na faɗawa ciki. Duk wannan a rubuta shi da kwanan wata a littafi guda, kamar yadda ake rubuta bashi, a riƙa kai wa likitan gashi, wanda a nan Duwala ake kira kine. Tsalle dai kada a fara shi sai shi ya ba da izini, domin gwajin da aka yi kafin lokacinsa shi kansa yana iya tsinka jijiyar.

Akwai alamu biyu da bai kamata a yi musu kawaici ba. Gwiwar da ba ta miƙewa sambal kamar ɗayar bayan makonnin farko, a koma wurin likita da wuri, domin wanda gwiwarsa ba ta miƙe ba ba zai taɓa daina ɗingishi ba. Sai kuma kumburin da ke dawowa washegari bayan motsa jiki, wanda ke nufin an ɗora wa gaɓar abin da ya fi ƙarfinta, kuma muddin da ruwa a ciki tsokar cinya ba za ta farka ba.

A nan zan ɗan yi wa 'yan uwana 'yan kasuwa tsegumi. Mun iya haɗa kuɗin aiki, a yi karo-karo a masallaci da kasuwa cikin mako guda, amma da zarar an cire zare sai kowa ya kama gabansa, kuɗin kine ya zama kamar almubazzaranci. Alhali aikin likita na awa ɗaya ne ko biyu, na kine kuwa na wata tara ne zuwa shekara. Kuma a sani cewa gashi da ruwan zafi da shafa man zafi suna rage ciwo ne kawai, ba sa gina tsoka. Cinya ba ta dawowa sai da ɗaga nauyi, ana ƙarawa a hankali mako bayan mako, ƙafa ɗaya-ɗaya don kada lafiyayyar ta ci gaba da yi wa 'yar'uwarta aiki. Wanda zai biya kuɗin aiki ya ware na wannan tun daga farko, ya kuma tambayi kine ƙarara: da wane awo za ka sallame shi, kuma yau nawa ya kai?

Matsin lamba kan zo ne ta hanya biyu. Ta farko dillalan 'yan wasa, masu zuwa da labarin gwaji a wata ƙasa da cewa dama ba ta jira. Ya kamata mai biyan kuɗin jirgi ya sani cewa duk kulob ɗin kirki likitansa kan duba ɗan wasa kafin a sa hannu, kuma tabon aiki da ramammiyar cinya su ne abin da zai fara gani. Ta biyu ita ce gasar hutun makaranta da ake bugawa unguwa-unguwa a watannin Yuli da Agusta, wadda sau da yawa 'yan kasuwar ne da kansu ke sa mata kofi. Lokacin ne kuma ruwan Duwala ya fi tsanani, fili ya zama taɓo da ramuka, ƙafa ta kafe a wuri guda jiki ya juya, wato ainihin yadda jijiyar ke tsinkewa. Yaron da aka yi wa aiki a watan Janairu, a Yuli wata 6 ke nan da aikinsa, zai kuma rantse ba ya jin komai, kuma gaskiya ya faɗa. Lissafin wata tara bai kai shi fili ba sai Oktoba, shi ma idan sikeli da tef da bidiyo sun yarda, kine kuma ya sa hannu.